Kwalin da Ba Shi da Nauyi

Ko me zan manta a aikin kanikanci, ban da safiyar da Malam Sabo ya shigo garejinmu na Birnin Kudu da wani dogon kwali a hammata, kamar mai ɗauke da tabarma. Ku da kuka same ni da furfura kuna ganin tsanani ne idan na hana a kira kayan mutum jabu kafin a ji ta bakin mai shi. To, ku ajiye sifanun nan ku matso, ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ni ne foman. Ga wanda bai san tsarin gareji ba, akwai maigida, shi ke da wurin, shi ke karɓar aiki, shi ke yanke magana. Ƙarƙashinsa sai foman, mai raba aiki da duba shi kafin mota ta fita. Sannan sauran makanikai. Maigidanmu shi ne Baba Ilu, Allah Ya jiƙansa. Mutumin nan hannu gare shi, wallahi. Daga Sundimina, daga Gwaram, har daga ƙauyukan da mota ba ta shiga sai da rani, mutum zai sayo kayan gyara ya biyo da su wurinsa don kawai ya ɗaga ya ji. Gwajinsa uku ne. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa da sifana ya ji amo, ya manna mayen ƙarfe ya ga ko zai kama. Abin da muka taso a kai ke nan: na asali nauyi gare shi, jabu kuwa shafal yake. Kuma kafin wannan rana ban taɓa ganin hannun nan ya yi ƙarya ba.

Yana kuma da doka guda wadda ko ɗansa bai isa ya taka ba: jabu ba ya kwana a garejinsa da rai. Ya taɓa zuwa kwasar mutane a wata bas da jabun ƙarfen sitiyari ya kashe, tun daga nan duk jabun da ya shigo hannunsa sai ya lalata shi, don kada wani ya tsinta ya ɗaura wa motar bayin Allah.

Motar da ake magana a kanta ta Injiniya Nura ce, ɗan wani Alhaji mai fataucin hatsi a Gwaram. Ja ce, ƙofa biyu, ta tsere, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Idan ta shigo gari har masu shayi sai sun miƙe. Shi Injiniya aikin haƙar mai yake a cikin teku can kudu, idan ya shiga ruwa sai a yi makonni wayarsa ba ta shiga. Kafin ya tafi a wannan karon ya sa aka kawo mana motar, ya kira ni ya ce, "Malam Garba, akwai kaya suna tafe daga waje, fulawil da farfela. Baba Sabo zai karɓo su a Kano. Ku ɗaura mata kafin in dawo, za ka ga abin mamaki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na kuwa ga abin mamaki.

Fulawil wani faifan ƙarfe ne mai haƙora a gefe, yana manne a bayan inji, a kansa kuloci ke kamawa. Farfela kuwa doguwar sandar ƙarfen nan ce da ke bi ta ƙarƙashin mota, tana kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Na motar nan da muka sauke, fulawil ɗin sai ka tattara ƙarfinka ka yi nishi kafin ka ɗaga shi, farfelar kuwa mu biyu muka janye ta.

Shi kuma Malam Sabo direban Alhaji ne tun kafin a haifi Injiniya. Mutumin Fagam ne, siriri, mai yawan raha. Babu mai kiransa Sabo kawai, Sabo Amana ake ce masa. Alhaji kan loda masa hatsi ya tura shi har Kano ba tare da ya haɗa shi da kowa ba. A tashar Gwaram mata kan ba shi saƙo ba su tambayi komai ba. A Fagam ma shi ke riƙe da makullin ɗakin takin ƙungiyar manoma.

Ranar ana tsakiyar damina, an kwana ana ruwa. Malam Sabo ya dire kwalin a kan benci yana dariya, ya ce, "Garba, anya ba iska Injiniya ya sayo ba? Da hannu ɗaya na ɗauko shi. Sai da na tambayi masu ofishin da na karɓo shi ko sun manta ba su sa komai a ciki ba." Muka yi dariya, ya wuce wurin mai shayi da ke bakin gareji.

Na lura salatif ɗin kwalin kala biyu ne, alamar an taɓa buɗe shi an mayar. Na farke. Na sa hannu biyu zan ɗago fulawil kamar yadda na saba, sai ya taho fiu har na kusa bugun haɓata. Farfelar kuwa baƙa ce wuluk, mai sheƙi, da yatsu uku na ɗaga ta. Kai! Na kira maigida.

Baba Ilu ya goge hannu ya ɗauki fulawil. Ya jijjiga shi sau biyu, fuskarsa ta canza. Ya ƙwanƙwasa, amon bai yi masa ba. Ya manna mayen ƙarfe a haƙoran, ya kama. Ya manna a jikin, ya sulale ya faɗi ƙasa.

"Ka gani ko? Alminiyam ne, irin na tukwane. Sun sa masa haƙoran ƙarfe da ɗan faranti a tsakiya don su rufe ido. Dubi kusoshi. Yaushe ka taɓa ganin fulawil na asali da ɗinki?"

Ya juya kan farfela ya buga mata sifana, ta ce kwaf, kamar bututun roba. Ya yi salati.

Na ce, "Baba, ni dai ban taɓa ganin jabu mai kyan aiki haka ba. Dubi yadda aka goge shi."

Ya ce, "Jabun yanzu ai ya fi na asali kwalliya. Garba, idan ka ɗaura wa motar tsere wannan robar, a kan titi za ta tarwatse ta tsarge yaron mutane. Injiniya ba zai sayi wannan ba, ya san mota. An yi canji a hanya."

Magana ta shige ni, don ni ma a kan wannan karatun na tashi. Nan take Baba Ilu ya kira Alhaji a waya can Gwaram, ina tsaye ina jin komai. Ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Alhaji ya ce, "Malam Ilu, wa kake nufi?"

"Ban ce kowa ba, Alhaji. Na dai ce abin da ke cikin kwalin nan ba shi aka sayo ba, kuma an buɗe shi an liƙe."

"To, daga Kano zuwa nan hannun mutum nawa ya bi?"

Sai a lokacin na ga inda maganar ta dosa. Alhaji ya ce a ba Sabo waya. Aka kira shi, ya taho da kofin shayi a hannu, bakinsa da sauran dariya. Ya kara wayar a kunne ya ce, "Ranka ya daɗe." Ina kallon dariyar nan tana zubewa daga fuskarsa. Da ya gama saurare ya miƙa wayar, ya ajiye kofin, ya laluba aljihu ya ciro makullin a-kori-kurar Alhaji ya ɗora a kan benci kusa da kwalin. Ya dubi Baba Ilu ya ce, "Baba, ni?" Baba Ilu ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya shigo da mota, a bayan ɗan acaba ya fita, ana yayyafi.

Ban gama farfaɗowa ba sai na ga maigida ya ɗauko guduma. Ashe tun a waya Alhaji ya ce masa ya yi da kayan yadda ya saba yi da irinsu. Na ce, "Baba, a bari mai su ya dawo mana." Ya ce, "In bar shi ya kwana, gobe in ji an sace an sayar wa wani? Ka san dokata." Ya ɗora fulawil a kan dutse ya sauke masa guduma har ya lanƙwashe. Mai sayen gwangwan ya zo ya tafi da shi. Farfelar kuwa ya juya ta ya ce shi ba ya sayen roba. Dama ruwa ya cinye gindin wani itace da ke riƙe da rumfarmu, sai Baba Ilu ya kafa mata ƙusa a ciki don kada ta sake moruwa a mota, ya ɗaure ta da waya, ta zama tokarar rumfa. A jikinta muke rataye buta.

Kun san garuruwanmu, magana ba ta neman kuɗin mota. Kafin mako ya zagayo, na je Gwaram ɗauko wata mota, na ji 'yan tasha suna cewa, "Ka ji labarin Sabo Kwali?" Na ce wane ne kuma Sabo Kwali? Suka fashe da dariya. Sunan da mutum ya gina tun ba a haifi masu dariyar ba, an cire masa shi kamar hula an ɗora masa wani. Aka ce a Fagam ma dattawan ƙungiya sun je har gida, cikin ladabi, sun ce ya huta da makullin ɗakin taki tunda shekaru sun ja.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Injiniya ya fito daga ruwa. Mahaifinsa bai gaya masa komai a waya ba, ya ce dai ya zo gida akwai magana. Da yake daga Kano sai an ratsa Birnin Kudu kafin Gwaram, ya sauka a wurinmu don ya fara ganin motarsa. Ya shigo da fara'a yana gaisawa da kowa, ya ga motar a lulluɓe, ya buɗe baki zai yi tambaya, sai idonsa ya sauka a kan rumfa. Ya tsaya cak.

"Malam Garba, mene ne wancan?"

Na ce, "Ai jabun da aka musanya maka ne, Injiniya."

Ya taka a hankali ya je ya sauke butar. Ya shafa sandar, ya taɓa kan ƙusar da ke cikinta, ya juyo yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar bai taɓa ganinmu ba.

"Wane jabu? Wannan ita ce farfelar. Ita na saya. Rashin nauyin shi na saya!"

Har mai walda sai da ya kashe injinsa. Baba Ilu ya taso ya ce, "Injiniya, roba ce fa."

"Ba roba ba ce, Baba. Wani irin zare ne ake saƙawa a daskarar, ya fi ƙarfe juriya, da shi ake yin jikin jirgin sama. Baba, idan na ba ka dutsen niƙa na ba ka faifai na ce ka juya su, wanne zai riga tashi? Kafin inji ya tura mota, sai ya fara juya abin da ke manne da shi. Idan ka rage wa fulawil da farfela nauyi, ƙarfin da suke cinyewa sai ya tafi taya. Kana taɓa totur take amsawa. Shi ke nan fa dabarar."

Ya ce salatif kala biyu kuwa, ai duk kayan da suka shigo ƙasa sai an buɗe an duba an mayar. Sannan ya ce, "Ina fulawil ɗin?"

Kowa ya kalli ƙasa. Ni na daure na ce masa an sa masa guduma, mai gwangwan ya kai wa masu zubin tukwane. Ya zauna daɓas a kan wata tsohuwar taya, ya kama kai, sai kuma dariya ta ƙwace masa, irin wadda mutum ke yi idan abu ya fi ƙarfin kuka. Yana cewa, "Tukunya! Fulawil ɗina tukunya!" Yana cikin haka ya ɗago ya ce, "Tsaya. Kun ce musanya. Wa ya musanya?"

Da na ambaci sunan, dariyar ta ɗauke ɗif. Ya miƙe tsaye, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Baba Sabo? Mutumin da ya riƙa kai ni makaranta a kan cinyarsa? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kun san abin da kuka yi kuwa?"

Ban taɓa ganin Baba Ilu a irin halin da na gan shi ranar ba. Bai yi musu ba, bai kare kansa ba. Ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo. Can ya ce, "Garba, je ka wurin masu tukwane ka gani ko yana nan." Na hau babur na tafi. Mai zubin ya yi dariya ya nuna mini jerin sabbin tukwane a rana ya ce, "Yana cikin waɗannan. Alminiyam mai kyau kuwa, idan akwai saura ku kawo." Na ɗauko guda na kawo wa maigida, don ban san me zan ce masa da baki ba.

Washegari muka tafi Fagam mu huɗu: Alhaji, Injiniya, Baba Ilu da ni. Baba Ilu ya rungume tukunyar nan a cinya tun daga Birnin Kudu. Ya ce ba zai yi maganar a zaure ba, tunda ba a zaure ta tsaya ba. Muka jira aka idar da la'asar, mutane suna fitowa daga masallaci, ga Malam Sabo a cikinsu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Baba Ilu, dattijo da furfurarsa, ya durƙusa a gabansa ya ajiye tukunyar. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Jama'a, ni ne Ilu makanike. Ni na ce an musanya kayan da bawan Allahn nan ya ɗauko. Ba a musanya komai ba. Ilimina ne ya ƙare ban sani ba. Ga kayan nan, ni na mayar da su tukunya da hannuna. Malam Sabo, ka yafe mini don Allah."

Malam Sabo ya sunkuya ya ɗauki tukunyar da hannu ɗaya. Ya jijjiga ta kamar yadda Baba Ilu ke yi wa kaya, har wasu suka fara murmushi. Ya ce, "Har yanzu ba ta da nauyi, Baba. Kwalin ma da hannu ɗaya na ɗauko shi daga Kano. Maganar da ta biyo bayansa ce na kasa ɗagawa." Ya kama shi ya tashe shi ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Ran yaron nan ka ji wa tsoro, na sani."

Sai Alhaji ya matso ya ciro makullin a-kori-kura ya miƙa masa ya ce, "Sabo, komai ya wuce. Gobe akwai lodi."

Na ɗauka shi ke nan, har na fara hamdala. Malam Sabo ya dubi makullin, bai miƙa hannu ba.

"Ranka ya daɗe, shi Baba Ilu hannunsa ya tambaya, hannun ya ba shi amsar da ba daidai ba. Kai kuwa ni ka sani, ba kwali ba. Ka kira ni a waya, amma ba ka tambaye ni ba."

Jama'a, na ga manyan mutane sun ji kunya a rayuwata, amma ban ga irin ta ranar ba. Hannun Alhaji ya tsaya a iska da makulli. Injiniya ya juya baya yana share hawaye da hular kansa. Malam Sabo ya ce ya yafe wa kowa, amma tuƙi ya ishe shi, zai koma gonarsa. Ya ɗauki tukunyarsa ya shiga gida.

Bayan kaka wasu kayan suka iso, Injiniya ya ɗauko su da kansa, don farfelar da aka kafa wa ƙusa ba ta sake amfani. Ni na ɗaura su, yana tsaye a kaina yana karanto mini yadda za a ɗaure kowace kusa. Da na zo fitar da motar sau biyu tana mace mini, saboda fulawil marar nauyi ba ya yafe wa ƙafar da ta saki kuloci da garaje. Idan tana tsaye kuma giyabos yana ɗan kaf-kaf, Injiniya ya ce haka abin yake. Amma da muka hau titin Gwaram na taka totur, la'ilaha illallahu! Allurar da ke nuna juyin inji ta yi sama kafin in ƙifta ido, kujera ta manne mini a baya, itatuwa suka zama layi guda. Motar da na sani ce, injin da na sani ne, amma kamar an sauke mata buhunan hatsi. Gaskiyar Injiniya ce tsaf. Sai dai babu wanda ya yi ihun murna a cikinmu. Da muka wuce mararrabar da ake juyawa zuwa Fagam, shi da kansa ya ce in sassauta mu koma.

Baba Ilu bai sake ɗaga kayan kowa ba har ya bar duniya. Idan aka kawo masa sai ya sa hannuwansa a baya ya ce, "Kai wa Garba ya duba lamba, ku kira mai shi ku ji."

Shi ya sa nake gaya muku, hannu yana da amfani, kunne yana da amfani, kada ku yar da su. Amma sana'ar nan tana tafiya, abin da ka sani jiya yana iya ƙarewa yau ba tare da ya yi maka sallama ba. Kuma idan makanike ya ce jabu, ba ƙarfe kaɗai ya yanke wa hukunci ba. Akwai wanda ya sayo, akwai wanda ya sayar, akwai wanda ya ɗauko, kuma a kan ɗayansu maganar za ta sauka.

A Fagam an mayar wa Malam Sabo da makullin ɗakin taki, dattawa kuma sun koma kiransa da sunansa. Amma bara na je tashar Gwaram sai na hango shi, ya tsufa, yana jiran abin hawa da ɗan buhunsa. Muna cikin gaisawa wani ɗan acaba ya tsaya a gabanmu ya ce, "Baba Kwali, Fagam ne?" Cikin girmamawa fa ya faɗa, har da cire hula. Raina ya ɓaci, na ɗaga hannu zan nuna masa kuskurensa, Malam Sabo ya riƙe mini hannun riga.

"Ƙyale shi, Garba. Bai san ina da wani sunan ba."

Ya ɗora buhunsa, ya hau, suka tafi.